Lumbu-lumbu Wutar Ƙaiƙayi: Yadda Za Ka Zauna da Mai Kwanton Ɓauna a Teburin Poka

Tela muke ce masa, don ɗinki ne sana'arsa, kuma ko a teburin karta da allura da zare yake bin mutum: a hankali, ba hayaniya, sai ka zo tashi ka ji an ɗinke ka da kujera. Duk daren Asabar muke haɗuwa a zauren wani abokinmu a Gangare, nan cikin Jos, mu shida. Akwai ni da nake sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, da Tela, da wani makanike maƙwabcin shagona, da direban da ke ɗauko dankali daga Bokkos, da mai gidan, sai wani dattijo tsohon malamin lissafi da ya ajiye aiki, wanda kowa ke kira Malam. Shi ya kawo mana poka bayan mun gaji da Whot.

Kafin wani ya tare ni da wa'azi, ba kuɗi muke zubawa ba. Caca haramun ce a addinina, kuma na ga gidajen da ta rusa. Murafan kwalbar lemo muke tarawa: na Coke maki 1, na Fanta maki 5, na Maltina maki 20. Kowa ya fara da maki 200, in naka suka ƙare ka koma gefe kana zuba wa mutane shayi. Amma fa ciwon a cinye ka a gaban abokai ba ya tambaya ko murfi ne ko naira.

Irin da muke bugawa shi ne Texas Hold'em. Kati 52, ba joka. A ba kowa biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku a tare, su muke kira buɗin farko, sai kati na huɗu, sai na ƙarshe. Na ƙarshen nan Turawa da kalmarsu ta kogi suke kiransa, mu kuwa bakinmu ya mai da ita "riba", alhali a nan aka fi tafka asara. In layi ya zo kanka, ko ka ƙwanƙwasa tebur ka ce wuce, ko ka zuba, ko ka bi abin da wani ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka sauka.

Mayaudara a wannan wasa iri biyu ne. Akwai mai burga, wanda ba shi da komai amma yana zuba kamar ya riƙe duniya. Wannan kowa ya san shi, Direba ma haka yake. Akwai kuma mai kwanton ɓauna, wanda ya riƙe duniyar amma yana ƙwanƙwasa tebur kamar maraya. Shi ba ya tura ka rami. Shebur yake miƙa maka, kai ka haƙa da hannunka. A kan wannan na biyun nake magana, domin shekara guda cur Tela yana cinye ni ina cewa sa'a ce ke gare shi.

Daren da na gane

Cikin Janairu ne, sanyin Jos na tsakiyar hunturu, kowa da rigar sanyi da hular ulu. Zubin dole, wato abin da mutum biyu ke sawa a tsakiya kafin a raba kati, a teburinmu 1 da 2 ne. Aka ba ni As da Sarki. Na ƙara zuwa 6, kowa ya sauka sai Tela da ke kan zubin 2, ya bi. Tsibin tsakiya ya zama 13. Buɗin farko ya fito Sarki, 7, 2, kowanne daga gida daban, wato alamarsu (irin zuciya ko shebur) ba ɗaya ba. Ga ni da tagwayen Sarki, ɗan rakiyarsu kuma As, ba wanda ya fi shi. Tela ya ƙwanƙwasa. Na zuba 9. Ya yi ajiyar zuciya, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, bari dai in ga ɗaya." Tsibi 31. Kati na huɗu 4. Ya ƙwanƙwasa, na zuba 22, ya ja tsaki ƙasa-ƙasa ya bi. Tsibi 75. Riba ta fito 9. Ya sake ƙwanƙwasawa, na zuba 50 ina murmushi.

Sai ya sa hannu biyu ya turo duk abin da ke gabansa, 163, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Sauran 113 gare ni. Cikina ya faɗa mini gaskiya nan take, amma na ce ai tagwayen Sarki da As ba abin yarwa ba ne, na bi. Ya juya 7 da 7. 'Yan uku tun buɗin farko. Na kwashe sauran daren ina riƙe da butar shayi.

Da aka tashi, muna tafiya wajen mashina, Malam ya dafa kafaɗata. "Ɗana, ka san inda ka yi kuskure?" Na ce, "Malam, da na yi ta zubawa." Ya ce a'a. Ya ce in zo gidansa gobe bayan la'asar da karta a aljihu. Abin da ya nuna mini a tabarmar ƙofar gidansa shi ne gindin duk abin da zan faɗa a nan.

Ya ciro As da Sarkina ya ajiye gefe, ya ciro Sarki, 7, 2 ya shimfiɗa. Ya ce in ƙirga masa hanyoyin da Tela zai iya riƙe 'yan uku. Bakwai uku suka rage a cikin kartar, ana iya haɗa su biyu-biyu ta hanya 3. Haka 2 da 2, hanya 3. Sarki biyu suka rage, hanya 1 tak. Jimla 7. Ya ce to yanzu ƙirga masa hannayen da na fi ƙarfi amma za su bi zubina. Sarki da Sarauniya: Sarki biyu sau Sarauniya huɗu, hanya 8. Sarki da Jak, 8. Sarki da 10, 8. Jimla 24, ban ma taɓa Sarki da 9 ko tagwayen 8 ba. Wato a lokacin da Tela ya bi zubina na farko, in aka yi wannan hannu sau da yawa, ni ne a gaba fiye da sau uku cikin huɗu. Zubin daidai ne. Na biyun ma ba laifi.

"Yanzu," in ji Malam, "a cikin 24 ɗin nan, nawa ne Tela zai turo duk murafansa da su a riba?" Na yi shiru. Na tuna shekara guda muna zama, ban taɓa ganin ya yi haka da tagwaye guda ba. Na ce babu ko ɗaya. Ya kwashe su ya mayar cikin karta. Hanyoyi bakwai ɗin nan na 'yan uku kawai suka rage a tabarma, kuma dukkansu sun fi ni.

To ka riƙe wannan: bin mai kwanto ba ya faɗa maka komai, domin da ƙaramin hannu yana bi, da babba ma yana bi. Ƙarinsa ne ke magana. Ranar da mutumin da ya yi ta ƙwanƙwasa yana bi ya farka kwatsam ya ƙara a kati na huɗu ko a riba, ya gama wasan kwaikwayo ke nan, ya zo karɓar kuɗin kallo. Tagwaye guda, ko da na As ne, ka ajiye su. A hannun nan an nemi in sa 113 don in ci 288, wato ina bukatar in zama mai nasara kusan sau 28 cikin 100 kafin bin ya biya kansa. Da Direba ne, wanda ke iya turo komai da iska, da na bi ban yi nadama ba. Da Tela kuwa ko sau 5 cikin 100 ban kai ba. Lissafi ɗaya, mutum daban, amsa daban.

Kada tsoro ya ɗaure maka hannu

Bayan wannan dare sai na faɗa ɗaya ramin, kuma ina ganin ya fi na farko zurfi. Da Tela ya ƙwanƙwasa sai in ga kura. Na daina zuba a gabansa ko da hannuna mai kyau ne. Wata biyu ina haka, murafaina suna tsiyayewa ba tare da an ci ni da wani babban hannu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Lissafi ne ya sake warkar da ni. Tagwaye a hannu suna zuwa wa mutum sau ɗaya cikin rabo 17. In sun zo, damar su zama 'yan uku a buɗin farko kusan 12 cikin 100 ce, sau ɗaya cikin takwas da rabi. Haɗa biyun, za ka ga 'yan uku irin na Tela suna zuwa ne kusan sau ɗaya cikin rabo 140 da 'yan kai. Mu kuwa a zauren nan, da hira da shayi da musun ƙwallo, da ƙyar muke yin rabo 100 a dare. Ke nan akwai Asabar da yawa da Tela zai zo ya tafi bai ga 'yan uku ba. As biyu a hannu kuwa sau ɗaya ne cikin 221. Sannan duk wanda ya shigo da kati biyu mabambanta, kusan sau biyu cikin uku buɗin farko ba ya ba shi ko tagwaye. Yawancin ƙwanƙwasar Tela, ashe, ta gaske ce: ba shi da komai, kamar kowa.

Saboda haka ka ci gaba da zuba, amma ka sauya girman zubin da yawansa. In buɗin farko busasshe ne, irin Sarki, 7, 2 ɗin nan da ba jerin kati biyar masu bin juna, ba 'yan gida ɗaya a hanya, zubi ƙarami ya isa, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsibin. Ko ba ka da komai, irin wannan zubi yana biyan kansa in abokin wasa ya sauka sau ɗaya cikin huɗu, shi kuwa zai sauka fiye da haka. In ya bi kuma hannunka wofi ne, ka tsaya nan. Kada ka sake harbi na biyu. A busasshen tebur ba abin da yake jira ya zo masa, in ya bi to yana riƙe da wani abu ne tun yanzu.

In kuma hannunka matsakaici ne, mai kyau amma ba na a mutu a kansa ba, ka tsallake zagaye ɗaya. Mutane ba sa lura da yadda tsibi ke kumbura. Duba hannuna na Janairu: 9, sai 22, sai 50, jimla 81 kafin ma ya turo nasa. Da na ƙwanƙwasa a kati na huɗu, da tsibi ya tsaya a 31, zubin riba bai wuce 22 ba. Ko Tela ne ya zuba na bi, asarata bayan buɗin farko 31 ce ko kusa da haka, ba 194 ba. Akwai wata riba kuma a ɓoye: in ka ƙwanƙwasa a na huɗu, mai Sarki da 10 da zai tsorata ya sauka sai ya ɗauka kai ne mai rauni, ya biya ka a ƙarshe. Ni dai yanzu da As da Sarki a irin wannan tebur, wani lokaci nakan zuba sau uku, amma na ukun ƙarami, kuma tun kafin murfi ya bar hannuna na riga na yanke cewa in ya ƙara zan sauka. Wannan yanke shawara tun da wuri shi ne duka aikin. In ka bari sai ya turo sannan ka fara tunani, zuciya ce za ta yi tunanin, ba kai ba.

Kujera

Wannan gajere ne amma kada ka raina shi. Layi yana zagayawa ne kamar hannun agogo, daga kowa zuwa na hagunsa. Ka zauna a hagun mai kwanto, yadda a yawancin rabo shi zai fara magana kai ka biyo baya. Duk dabararsa ta dogara ne a kan ya ƙwanƙwasa wani ya zuba masa. In kai ne a bayansa, kana da ikon ka ƙwanƙwasa kai ma, zagayen ya wuce ba ko murfi. Ni yanzu tun bayan isha'i nake isa zauren don in kama kujerar da ke jikin taga, duk da iskar da ke shigowa ta nan, saboda Tela ba ya sauya wurinsa.

Katin banza da yake ba ka

A nan ne kwanton ɓauna ke cin mai shi, kuma a nan na fara ramawa. Duk sa'ad da mai babban hannu ya ƙwanƙwasa, ya ba ka kati kyauta. In kana da huɗu 'yan gida ɗaya kana jiran na biyar, kati 9 ne za su cika maka. Damar ya zo a na huɗu kusan 19 cikin 100 ce, a cikin katunan biyu kuwa kusan 35. In 'yan uku yake riƙe da su, rabonka na cin hannun yana sauka zuwa wajen ɗaya cikin huɗu, domin tebur na iya yin tagwaye ya ba shi ful-haus, wato 'yan uku da tagwaye a tare, wanda ya fi naka. Amma ɗaya cikin huɗu da ba ka biya ko sisi ba, ai garaɓasa ce. Da wani kake wasa, da sai in ce ka zuba da irin wannan hannu don ka kore shi. Da mai kwanto kuwa, in kai ne na ƙarshe, karɓi kyautarka ka yi shiru. In ka zuba ya ƙara maka mai yawa, ka jawo wa kanka sayen abin da aka riga aka ba ka.

Wajen Afrilu ne. Tela na farkon layi, ya bi 2 kawai. Ina kujerar mai rabo da 9 da 8 na zuciya, na bi. Mu huɗu, tsibi 8. Buɗin farko: As na shebur, 6 na zuciya, 2 na zuciya. Kowa ya ƙwanƙwasa har da Tela, yana kallon rufin ɗaki kamar mai ƙirga azara. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, na danne shi, na ƙwanƙwasa. Na huɗu ya fito Jak na zuciya, biyar ɗina 'yan gida ɗaya suka cika, hannun da ya fi 'yan uku. Sai ga Tela da 6. Na bi, sauran suka sauka. Riba 3 ce baƙa, tebur bai yi tagwaye ba. Ya zuba 15, na mai da shi 45. Ya daɗe yana kallona sannan ya bi. As biyu ne a hannunsa, 'yan uku mafi girma da ake iya samu a wannan tebur, kuma bai karɓi ko murfi ɗaya a kansu ba a lokacin da yake gaba.

Ina cikin jin daɗi Malam ya zuba mini ruwan sanyi. Ya ce, "Ɗana, kai ma ai kwanton ka yi a kati na huɗu." Gaskiyarsa. Mai 'yan uku a wannan matsayi yana da kati 10 da za su ba shi ful-haus ko huɗu iri ɗaya, sama da sau ɗaya cikin biyar ke nan. Kamata ya yi in ƙara tun a nan, lokacin da nake gaba kuma ba zai iya sauka ba. Cutar tana yaɗuwa, ka kula kada ka ɗauka. Maganin mai kwanto ba kwanto ba ne. In babban hannu ya zo maka a gabansa, zuba kai tsaye, domin mutum ne da ya saba bi.

Kafin a buɗe komai

Akwai wani tarko da ake ɗanawa tun kafin buɗin farko. Mutum na farkon layi ya bi zubin dole kawai, kamar ba ya so. Wani ya ƙara. Layi ya dawo kansa, sai ya ninka ƙarin sau uku. A irin teburinmu wannan As biyu ne ko Sarki biyu, da wuya ka ga wani abu daban. Sarauniya biyu a gaban As biyu ba sa kai 20 cikin 100. As da Sarki kuwa tsakanin 7 da 12 ne, ya danganta ko gidansu ɗaya. Na san zafin ajiye Sarauniya biyu bayan ka yi awa guda ana ba ka 9 da 3, amma ka ajiye.

Ɗaya gefen kuma mutane kan manta da shi. Tunda manyan hannayensa a ƙwanƙwasa yake ɓoye su, to in ya fito ya zuba da kansa a buɗin farko, sau da yawa hannun matsakaici ne, yana so a sauka a bar masa. Nan ne wurin matsa masa. Na sha ƙara wa Tela a irin wannan ya sauka yana gunaguni.

Fuska da hannu

Kowa na son a ba shi sirrin karanta fuska. Akwai abin lura, ban musa ba. Wanda ke wasan kwaikwayo yakan nuna akasin abin da ke hannunsa: ajiyar zuciya, ɗaga kafaɗa, "bari dai in gani", kau da kai daga tebur kamar abin bai dame shi ba. Mai hannun wofi na gaskiya ba ya sanar da kowa, shiru yake yi. Akwai kuma saurin saci kallon murafansa da zarar an buɗe kati, kafin ya tuna ya kau da ido. Rawar hannu ma yawanci ta murna ce ba ta tsoro ba, ko da yake a Jos cikin Disamba hannun kowa rawa yake yi, sai ka yi hattara. Masu bugawa a waya da makin wasa sun ce dogon jinkiri sannan a bi, sannan a ƙara a gaba, shi ne ajiyar zuciyar intanet.

Amma ni ban ɗora kaina a kan waɗannan ba. Fuska tana ƙarya, tarihin zubi ba ya yi. Abin da ya fi amfanar da ni shi ne ɗan littafin da nake rubuta bashin kwastomomi a shago. A shafukan baya nakan rubuta, in na koma gida, duk hannun da aka buɗe a ƙarshe: wa ya riƙe me, kuma yaya ya buga shi tun daga farko. Ko ba ka cikin hannun, ka sa ido lokacin da ake juya kati. A nan ne kaɗai ake ba ka amsar jarrabawa kyauta. Da wannan littafi na gane Makanike, wanda nake zargi da kwanto, ba kwanto yake yi ba, tsoro ne kawai ke hana shi zuba. Su biyun a ido iri ɗaya ne, bambancin shi ne matsoraci ba ya ƙarawa a ƙarshe, bi kawai yake yi har a buɗe.

Kada kuma ka ɗauka ƙananan 'yan wasa kawai ake yi wa haka. Malam ya taɓa nuna mana a wayarsa hannun ƙarshe na babbar gasar poka ta duniya ta 1988, a Las Vegas ta Amurka. Johnny Chan, wanda ya ci gasar a 1987, yana riƙe da Jak da 9. Buɗin farko ya kawo Sarauniya, 10 da 8, jeri mafi girma ya cika masa nan take. Erik Seidel yana da Sarauniya da 7, tagwayen sama, kamar ni a Janairu. Chan ya ƙwanƙwasa a kati na huɗu, Seidel ya turo komai a na ƙarshe, Chan ya bi ya tafi da dala 700,000. Seidel ɗin nan daga baya ya zama cikin gwanayen wasan na duniya. Da na gani sai na ɗan ji sanyi a raina.

Makanike ya taɓa tada rigima cewa a hana ƙwanƙwasa sannan a ƙara, wai cin amana ne tsakanin abokai. Muka yi musu har shayi ya huce. Dokar wasan ta yarda da shi, kuma ni ina ganin in aka cire shi an cire gishirin miya. Cin amana shi ne yi wa kati alama da farce, ko leƙen hannun maƙwabci, ko mutum biyu su haɗa baki. Wannan maguɗi ne, maganinsa a daina zama da mai yi. Abin da Tela ke yi dabara ce.

Saura abu ɗaya da har yanzu nake fama da shi. Mai kwanto ba dutse ba ne, yana kallonka kamar yadda kake kallonsa. In ya lura duk ƙarin da ya yi kana sauka, wata rana zai fara ƙarawa da iska. Ma'aunina shi ne yawan yi. Mutumin da a da sai a yi Asabar biyu bai ƙara a riba ba, in ya fara yi sau uku a dare guda, karta ba ta canja ba, shi ne ya canja. A nan sai ka zaɓi hannu mai ɗan ƙarfi da tsibi marar girma, ka biya ka gani sau ɗaya, ka rubuta.

Asabar da ta wuce aka sake ba ni As da Sarki, tebur ya fito Sarki, 8, 3. Ya ƙwanƙwasa na zuba, ya bi. Na huɗu muka ƙwanƙwasa mu biyu. A riba ya ƙwanƙwasa, na sa 15, ya mai da shi 60. Karo na biyu ke nan a daren. Na juya murfin Maltina a hannuna har ya yi ɗumi, sannan na tura katina tsakiya a rufe. Na ce, "Tela, don Allah nuna mini." Ya cusa nasa cikin karta, ya gauraya, ya ce, "Oga, ba ka biya kuɗin ɗinki ba, yaya za a ba ka ka gwada riga?" Direba ya fashe da dariya har ya zubar da shayi a wandon mai gida. Na duba Malam, shi kuwa yana can yana jera murafansa biyar-biyar, bai ko ɗago ba. Da na koma gida na buɗe bayan littafin bashi, na rubuta kwanan wata, na rubuta "Tela, riba, 60", na bar gurbin katin nasa fari.